Daƙiƙa 25 Tsakanin Maki da Maki

A watan Yunin 2024, Roger Federer ya yi jawabi ga ɗaliban da suka kammala karatu a kwalejin Dartmouth da ke Amurka, inda ya kawo wasu alƙaluma da har yanzu nake juya su a raina. Ya ce a cikin wasanni 1,526 da ya buga shi kaɗai a matsayin ƙwararren ɗan wasan tanis, ya yi nasara a kusan kashi 80 cikin 100, amma idan aka ƙirga makin da aka buga ɗaya bayan ɗaya a cikin waɗannan wasannin, kashi 54 cikin 100 kawai ya ci. Mutumin da ya ɗauki manyan kofuna 20, wato na gasanni huɗu mafi girma a tanis (Ostireliya, Faransa, Wimbledon ta Ingila da Amurka), wanda ake buga misali da kyawun wasansa, ya rasa kusan rabin makin da ya buga a rayuwarsa. Duk wanda ya riƙi tanis sana'a ya yarda ke nan ya riƙa shan kaye sau da yawa a kowace sa'a, a bainar jama'a, ba tare da wani abokin wasa da za su raba laifi ba. Shi ya sa nake ganin babban abin da ke bambanta 'yan wasan da ƙwarewarsu ta zo ɗaya shi ne yadda kowannensu yake sarrafa kansa bayan ya rasa maki, kafin a buga na gaba.

Tsarin lissafin wasan shi ne tushen wannan matsi. Tanis ba shi da agogon da zai ƙare ya ceci wanda ke kan gaba. A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da ke da ci biyu tana iya riƙe ƙwallo ta ɓata lokaci har alƙali ya busa, amma ɗan wasan tanis ba shi da hanyar tashi da nasara sai ya ci makin ƙarshe da hannunsa. Ana ƙirga 15, 30, 40, sannan a ci gem. Idan aka yi kunnen doki a 40, sai mutum ya ci maki biyu a jere. Gem shida da ratar biyu su ne set ɗaya. Idan kuma aka kai 6-6 sai a yi wasan raba gardama. Da zarar an gama set, komai ya koma sifili, wanda ya ci 6-0 da wanda ya ci 7-6 duk set ɗaya suka samu. Sakamakon wannan tsari shi ne maki ba su da daraja ɗaya. Makin da aka buga a 40-0 a farkon wasa da wanda aka buga a 30-40 a ƙarshen set na biyar duk sunansu maki, amma na biyun yana iya ɗauke da nauyin aikin shekara guda, kuma ɗan wasan ya san haka a daidai lokacin da yake ɗaga ƙwallo sama zai buga.

Wasan ƙarshe na Wimbledon na 2019 ya nuna wannan a fili. Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic ya ci 204. Federer ya ci gem 36, Djokovic ya ci 32. Amma Djokovic ne ya ɗaga kofin bayan sa'a 4 da minti 57. A set na biyar, wanda a lokacin ba a yi masa raba gardama a 6-6, Federer yana gaba da 8-7, sabis, wato bugun da ake fara maki da shi, yana hannunsa, lissafi kuma 40-15, wato yana da dama biyu a jere na kammala wasan, kuma kusan dukkan 'yan kallo suna bayansa. Ya buga na farko waje, a na biyu ya matso raga sai Djokovic ya wuce shi da ƙwallo ta gefe. Sau uku aka yi raba gardama a ranar, kuma duka ukun Djokovic ne ya ci. Daga baya ya bayyana cewa idan jama'a suna kiran sunan Roger, yakan sa wa ransa cewa sunansa suke kira. Wasu sun ɗauki maganar a matsayin raha, ni kuwa ina ganin dabara ce ta mutumin da ya san ba zai iya rufe bakin dubban mutane ba, don haka ya koma kan abin da yake da iko da shi, wato fassarar da zuciyarsa za ta yi wa hayaniyar. Kuma ba ranar ce ta farko ba, domin a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Amurka a 2010 da kuma 2011, ya tsallake makin kammala wasa biyu-biyu a hannun Federer ɗin, ya kuma yi nasara.

Wanda bai saba kallon tanis ba zai yi mamakin yadda lokacin da ƙwallo ke yawo a fili yake ɗan kaɗan idan aka kwatanta da tsawon wasan. Yawancin maki suna ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, da bugu huɗu ko ƙasa da haka. Sauran lokacin duk jira ne: daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, wanda tun daga gasar Amurka ta 2018 aka fara sa agogo a fili yana ƙirga shi, daƙiƙa 90 lokacin sauya gefe, da minti biyu bayan kowane set. A cikin wannan jiran ne tunani yake samun sarari. Lokacin da ƙwallo ke zuwa da gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a, babu damar yin nadama ko hasashe, jiki ne kawai yake aikin da aka horar da shi. Amma da an tsaya, sai zuciya ta fara kawo wanda aka zubar ɗazu, da hukuncin da alƙali ya yanke ba daidai ba, da abin da 'yan jarida za su rubuta gobe. Masanin halayyar 'yan wasa Jim Loehr, wanda ya daɗe yana nazarin hotunan bidiyo na 'yan tanis, ya lura cewa bambancin manyan 'yan wasa da na ƙasa da su ya fi fitowa a wannan tsakanin. Manyan suna da tsari da suke bi kowane lokaci: su juya baya ga makin da ya wuce da kafaɗa a miƙe, su sassauta jiki da numfashi, su yanke shawarar abin da za su yi, sannan su yi 'yan al'adunsu na shiri. Ta haka bugun zuciyarsu yake sauka kafin a ci gaba, alhali na abokan karawarsu yana nan a sama.

Abin da fargaba take yi wa jiki sananne ne. Zuciya tana ƙara bugawa, numfashi yana gajarcewa ya tsaya a ƙirji, tsokoki suna ɗaurewa, musamman na kafaɗa da damtse da hannu, ƙafafu kuma su yi nauyi. Ga mai gudu ko mai ɗaga nauyi wannan zaburar tana iya zama taimako, amma bugun tanis yana buƙatar hannu sake, domin gudun kan raket ne yake sa ƙwallo ya juya ya faɗo cikin fili. Idan hannu ya ɗaure, mutum yakan rage ƙarfin bugu da nufin yin taka-tsantsan, sai juyawar ƙwallon ta ragu, ya tafi waje ko ya faɗa raga, wato taka-tsantsan ɗin da kansa ne ya jawo kuskuren da ake gudu. Akwai kuma matsala ta biyu wadda masu bincike suka daɗe da bayyanawa: motsin da jiki ya haddace bayan an maimaita shi sau dubbai yakan lalace idan mutum ya fara sa masa ido yana bin sa gaɓa-gaɓa. Ɗan wasan da ya shekara ashirin yana buga sabis ba tare da tunani ba, ranar da tsoro ya sa ya fara tambayar kansa ina gwiwar hannunsa take, ranar ce sabis ɗin zai ƙi shi. Babu inda wannan ya fi bayyana kamar sabis na biyu, wato dama ta ƙarshe da ake ba mai sabis idan ya ɓata na farko, domin shi ne bugun da babu mai matsa wa mutum a kansa, ƙwallo yana hannunsa, lokaci nasa ne, kuma idan ya ɓata shi maki ya tafi ba tare da abokin karawa ya motsa ba.

Labarin Jana Novotna shi ne wanda aka fi tunawa a wannan fanni, kuma ina ganin ana yawan ba da rabinsa a bar rabi. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 1993 tana gaban Steffi Graf da 4-1 a set na uku, tana kuma da makin da zai kai ta 5-1, sai ta ɓata sabis biyu a jere. Daga nan wasanta ya watse gaba ɗaya, ta rasa gem biyar a jere, Graf ta ɗauki kofin. Hoton da ya zaga duniya shi ne na Novotna tana kuka a kafaɗar Duchess ta Kent, 'yar gidan sarautar Ingila, wajen ba da kyauta. Shekaru da dama sunanta ya zama abin misali idan ana maganar karaya. Rabin da ake mantawa shi ne ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1997 ta sha kaye a hannun Martina Hingis, ta kuma dawowa a 1998 ta doke Nathalie Tauziat ta ɗauki kofin a filin da ta yi kuka. Mace da ta san duk wanda ke kallonta yana jiran ya ga ko hannunta zai sake rawa, amma ta koma ta tsaya a wurin har sau biyu, ba a kiranta mai raunin zuciya sai dai idan ba a san abin da kalmar take nufi ba.

Daga nan ne nake fahimtar al'adun da 'yan wasa suke yi waɗanda masu kallo kan yi wa dariya. Rafael Nadal, lokacin da yake wasa, yakan jera kwalaben ruwansa a gaban kujera ta fuska ɗaya, yana taɓa riga da hanci da kunne kafin kowane sabis. Maria Sharapova takan juya wa raga baya, ta tafi ƙarshen fili tana gyara zaren raket ɗinta kafin ta juyo. Djokovic yakan yi ta buga ƙwallo a ƙasa, kuma adadin yakan ƙaru idan makin yana da nauyi. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 1975, Arthur Ashe ya riƙa zama shiru ido a rufe lokacin sauya gefe, ya kuma daure a kan dabarar ba Jimmy Connors ƙwallaye masu laushi da ƙasa-ƙasa, dabarar da ta saɓa wa irin wasan da ya saba, har ya yi nasara a set huɗu. Amfanin irin waɗannan abubuwa shi ne suna ba hankali wani ƙaramin aiki sananne da zai riƙe, suna kuma sa makin da ke da nauyi ya fara kamar yadda kowane maki yake farawa. Ido da ke kan zaren raket ba ya kan allon lissafi, ba ya kuma kan fuskar abokin karawa.

Akwai masu cewa natsuwa halitta ce, wani an haife shi da ita wani kuma ba a haife shi da ita ba. Tarihin wasan bai goyi bayan wannan ba. Björn Borg, wanda aka riƙa kwatanta shi da ƙanƙara saboda fuskarsa ba ta nuna komai, yaro ne mai zafin rai da zage-zage da jifa da raket, har aka dakatar da shi daga wasa na wasu watanni yana ɗan yaro a Suwidin. Abin da duniya ta gani daga baya horo ne da ya yi wa kansa. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 1980, ya samu damar kammala wasa har sau bakwai a set na huɗu, John McEnroe ya tsallake dukkansu, ya ci raba gardamar da 18-16. Duk wanda ya taɓa riƙe raket ya san yadda zuciya take tsinkewa bayan irin wannan. Borg ya tashi ya shiga set na biyar, ya yi ta cin makin sabis ɗinsa kusan ba tare da ya zubar ba, ya ci 8-6, ya ɗauki kofinsa na biyar a jere. Federer ma haka yake a ƙuruciyarsa, mai kuka da jifa da raket da faɗa da kansa, kuma ya sha faɗa da bakinsa cewa ya ɗauki shekaru kafin ya samu daidaito tsakanin wutar da ke cikinsa da sanyin da wasan yake buƙata. Nadal kuwa tun yana ƙarami kawunsa Toni, wanda shi ne kocinsa, ya hana shi jifa da raket, har ya yi ritaya a 2024 da manyan kofuna 22 ba a san shi da fasa ko ɗaya don fushi ba.

Batun fushi yana buƙatar a yi masa adalci, domin ba kowane ɓacin rai ne yake kayar da ɗan wasa ba. McEnroe ya ci manyan kofuna bakwai yana faɗa da alƙalai, kuma sau da yawa faɗan ya fi dagula abokin karawarsa fiye da shi. Akwai 'yan wasan da idan suka yi tsawa sau ɗaya suka fitar da abin da ke ransu, sai su dawo da hankalinsu fiye da da. Abin dubawa shi ne tsawon lokacin da fushin yake ɗauka da kuma inda yake kai mutum. Fushin da ya ƙare kafin daƙiƙa 25 su cika bai ci komai ba, wanda kuwa ya bi mutum zuwa maki na gaba da na bayansa ya zama abokin karawa na biyu. McEnroe ɗin ma ya biya farashi. A wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 1984 yana gaban Ivan Lendl da set biyu, ya fusata da ƙarar da ke fitowa daga na'urar wani mai ɗaukar hoto, wasan ya juya, kuma bai taɓa cin wannan kofi ba har ya bari. A gasar Ostireliya ta 1990 an kore shi daga wasa yana gaban Mikael Pernfors, domin bai san an rage matakan hukunci daga huɗu zuwa uku ba.

Dokar ladabtarwa a yau tana tafiya daki-daki: gargaɗi, sai a cire maki, sai a cire gem, kuma alƙalai suna da ikon korar ɗan wasa nan take idan laifin ya yi girma. A wasan ƙarshe na gasar Amurka ta 2018, Serena Williams ta bi waɗannan matakai uku a set guda, na farko saboda alamar da kocinta ya yi mata, na biyu saboda fasa raket, na uku saboda kalaman da ta faɗa wa alƙali Carlos Ramos. Har yau ana gardama a kan ko an yi mata adalci, kuma ba na ganin gardamar ba ta da tushe. Abin da ya fi jan hankalina a ranar shi ne Naomi Osaka, mai shekara 20, a wasanta na ƙarshe na farko a babbar gasa, tana fuskantar wadda ta taso tana koyi da ita, filin ya cika da ihu, amma ta tsaya ta buga sabis ɗinta ta kammala wasan 6-2, 6-4. Shekara biyu bayan haka, a wannan gasar, Djokovic da kansa, wanda ake ɗauka a matsayin mafi ƙarfin zuciya a zamaninsa, ya buga ƙwallo baya cikin takaici bayan ya rasa gem, ƙwallon ya sami wata mai kula da layi a maƙogwaro, aka kore shi daga gasar alhali bai sha kaye ko sau ɗaya ba a shekarar. Kame kai ba kaya ba ne da mutum zai mallaka ya ajiye, a kowace rana sabo ake yin sa.

Wasanni biyu na 'yan shekarun nan sun nuna ɗaya fuskar, wato yadda ake zama a cikin wasa bayan lissafi ya ce an gama. A wasan ƙarshe na gasar Ostireliya ta 2022, Nadal yana da shekara 35, ya dawo daga jinyar ƙafa ta watanni, Daniil Medvedev ya ci set biyu na farko, a na uku kuma Nadal yana baya da 2-3 da 0-40 a sabis ɗinsa. Ya tsallake ukun, ya ci set ɗin, ya ci na huɗu. A na biyar ya samu damar kammalawa a 5-4 ya zubar, kuma wannan ne wurin da na fi jinjina masa, domin dawowa daga nesa sannan a zubar a bakin ƙofa ya fi zama a baya tun farko ciwo. Nan take ya karɓe gem na gaba, ya kammala 7-5 bayan sa'a 5 da minti 24. A wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 2025, Carlos Alcaraz yana baya da 3-5 da 0-40 a set na huɗu, Jannik Sinner yana da dama uku na ɗaukar kofi, Alcaraz ya tsallake su, ya yi nasara bayan sa'a 5 da minti 29. Wannan Alcaraz ɗin ne a 2023, a wannan filin, jijiyoyin jikinsa suka ɗaure a karawarsa da Djokovic, ya kuma amsa da bakinsa cewa fargaba ce ta jawo. Shi kuwa Sinner, makonni biyar bayan abin da ya same shi a Paris, ya sake haɗuwa da Alcaraz a wasan ƙarshe na Wimbledon, ya rasa set na farko, ya ci uku a jere. A wurina abin da Sinner ya yi a waɗannan makonni biyar bai gaza abin da Alcaraz ya yi a waɗancan maki uku ba.

Sai dai kuskure ne a mayar da kowace matsala ta zama ta zuciya. A 2022 Aryna Sabalenka ta ɓata sabis biyu a jere fiye da sau 400 a kakar wasa guda, har takan koma buga shi ta ƙasa, kowa kuma yana cewa matsalar a kanta take. Abin da ya taimake ta shi ne ƙwararre a fannin motsin jiki wanda ya warware sabis ɗin ya sake gina shi. Da hannu ya samu abin dogaro, sai hankali ya kwanta. A wasan ƙarshe na gasar Ostireliya ta 2023 ta buɗe wasan da irin wannan kuskuren, ta sake yin sa a damarta ta farko ta ɗaukar kofi, amma ba ta watse ba, ta doke Elena Rybakina a dama ta huɗu. Ɗan wasan da bugunsa yake da rauni a asali, ko wanda ƙafafunsa suka gaji a sa'a ta uku, ba numfashi ko kyakkyawan tunani da zai cece shi, kuma rashin adalci ne koci ya ce masa ba shi da zuciya alhali horon ne bai cika ba.

Akwai kuma farashin da ba a gani a allon lissafi. Borg ya bar wasa yana da shekara 26. Mardy Fish, wanda ya taɓa kai wa na bakwai a duniya, ya janye daga karawarsa da Federer a gasar Amurka ta 2012, sai daga baya ya bayyana cewa ciwon fargaba mai tsanani ne yake fama da shi. Osaka ta janye daga gasar Faransa ta 2021 bayan an ci ta tarar dala 15,000 saboda ƙin ganawa da 'yan jarida, ta kuma faɗa cewa ta yi fama da ciwon damuwa tun bayan waccan nasarar ta 2018. Ashleigh Barty ta yi ritaya a watan Maris na 2022 tana da shekara 25, tana ta ɗaya a duniya, ta ce ba ta da sauran abin da za ta bayar. Ba na yarda da masu kallon waɗannan a matsayin gazawa. Danne zuciya na sa'a uku a cikin fili fasaha ce ta sana'a, amma idan aka ce mutum ya ci gaba da danne ta a ɗakin otal da filin jirgi wata goma sha ɗaya a shekara, an nemi abin da zai cutar da shi. Abin farin ciki shi ne an fara daina ɓoye neman taimako. Iga Świątek ta ci gasar Faransa ta 2020 tana da shekara 19 tare da masaniyar halayyar ɗan Adam, Daria Abramowicz, a cikin tawagarta. Madison Keys, wadda ta sha kaye 6-3, 6-0 a wasan ƙarshe na gasar Amurka ta 2017, ta ci gasar Ostireliya ta 2025 tana da shekara 29, ta kuma ce zaman da ta yi da mai ba da shawara ne ya raba ta da tunanin cewa rayuwarta ba ta da daraja sai ta ci babban kofi, kuma bayan ta sauke wannan nauyin ne ta ci.

Duk wannan yana da amfani ga masu horar da yara da iyayensu fiye da kowa, domin a ƙananan gasa ne ake gina halin ko a rusa shi. A yawancin wasannin yara da na masu sha'awa babu alƙali a kan kujera, kowane ɗan wasa shi ne yake faɗin ko ƙwallo ya faɗa ciki ko waje a gefensa, don haka yaro ɗan shekara goma sha biyu yana koyon riƙe gaskiya lokacin da ƙarya za ta ba shi maki, yana kuma koyon abin da zai yi idan yana ganin an cuce shi. Kocin kirki yana shigar da matsi cikin atisaye da gangan: a fara gem daga 0-30, ko a ba yaro sabis ɗaya kacal, ko a ce sai ya sa ƙwallo ashirin a jere kafin a tashi, idan ya ɓata a koma farko. Yana kuma koya masa abin da zai yi da idonsa da numfashinsa da kafaɗarsa bayan kuskure, kamar yadda yake koya masa riƙon raket. Uban da tambayarsa ta farko bayan wasa ita ce ko an ci, ko wanda yake dafe kai a gefen fili duk lokacin da ɗansa ya zubar, yana ƙara wa yaron wani abin tsoro a kan wanda yake da shi.

Tun daga farkon 2025 hukumar tanis ta duniya ta halatta wa koci ya yi wa ɗan wasansa magana daga wajen fili a lokacin wasa, abin da aka daɗe ana haramtawa, wanda kuma shi ne ya jawo wa Serena gargaɗin farko a 2018. Masu goyon baya sun ce dama ana yi a ɓoye, gara a fito da shi fili, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Duk da haka ina da damuwa a kansa, musamman ga masu tasowa. Ɗan wasan da ya saba waiwayen kocinsa bayan kowane maki yana kashe daƙiƙoƙinsa 25 yana jiran amsa daga waje, a lokacin da ya kamata ya koyi nemo ta da kansa, kuma dokar ta fi amfanar mai kuɗin ɗaukar tawaga zuwa kowace gasa a kan wanda yake yawo shi kaɗai. Da ni ake tambaya, da an bar dokar ga manya, an ci gaba da hana ta a gasannin yara har sai sun kai shekara 18.